Yadda ake kwashe kaya daga tsohuwar ordinater zuwa sabuwa

Satin da ya wuce ƙanena da ke karatu jami'ar Abdou Moumouni ya iso mini gida nan Bukoki da mashin biyu cikin sak guda. Mu nan Yamai in mun ce mashin ordinater muke nufi, wato kwamfuta, ƴan uwa na Najeriya kada ku ɗauka babur ya saka cikin jaka. Ɗaya tsohuwar tashi ce wadda batir ɗinta ya mutu tun bara, sai tana jone da wuta take tashi, ɗayar kuma sabuwa, to sabuwa dai a wurinshi, okaziyon ce irin waɗanda ake kawowa daga waje. Ya ce yaya don Allah ka maida mini kayana cikin wagga. Na ce wane kaya? Ya ce duka. Na ce mishi zauna ka ɗora shayi, don wannan "duka" da ka faɗa da baki ɗaya aikin wuni ne. Abin da munka yi ranan shi ne zan rubuta nan, bi da bi, don na gaji da maimaita ma mutane shi a waya.

Kafin komi ka rarrabe abu biyu a kanka. Akwai kayanka, wato takardunka na Word da Excel, PDF, hotuna, bidiyo, wa'azi da karatun Alƙur'ani da ka tara, waɗannan su ake kwashewa. Akwai kuma lojisiyel, su Word ɗin kanshi da VLC da Chrome da antibirus, waɗannan ba a kwashe su da hannu, sai dai a sake sa su cikin sabuwar mashin. Ɗan hoton Word da kake gani bisa Bureau ba Word ba ne, hanya ce kawai da ke kai ka wurinshi, shi ya sa yake da ƴar kibiya a gindi. Na san wani malamin makaranta a Tawa da ya kwashe waɗannan hotunan duka cikin kile, wato ƴar ma'ajiyar USB da wasu ke ce ma filash, aiki ya ƙare cikin sakan biyu, shina murna, ya sayar da tsohuwar mashin, da ya zo ya danna ba abin da ya buɗe. Lojisiyel in ya ɓace ana samun wani ko a wurin mai gyara. Hoton mahaifinka da ya rasu ko memuwar ɗin gama jami'a da ka yi wata takwas kana rubutawa babu inda ake saida su.

Mataki na farko ba ya buƙatar kile ko kebul, takarda da biro yake so. Ka kunna tsohuwar mashin, ka danna tushe mai alamar Windows tare da E, ka shiga Ce PC, ka shiga diski C:, ka buɗe dosiyen Utilisateurs, in Windows ɗinka ta Ingilishi ce Users za ka gani, sannan ka shiga dosiye mai sunanka. Nan ne gidanka. Za ka ga Bureau, Documents, Images, Musique, Vidéos, Téléchargements. Kowane ɗaya ka danna mishi dama na suri, wato maus, ka zaɓi Propriétés, ka jira lissafin ya tsaya, sai ka rubuta abu biyu a takarda: nauyinshi jiga nawa ne, wato GB, ma'aunin girman kaya a mashin, da kuma adadin fishiye da ke ciki, wato kowace takarda ko hoto ko bidiyo ɗaiɗai. Kada ka raina wannan rubutun, da shi za mu yi hisabi a ƙarshe.

Amma mu ai ba mu aje kaya inda Windows ta ce a aje. Yawancin masu gyara in sun sa maka Windows suna raba diskin biyu, C: da D:, su ce ka riƙa zuba kayanka cikin D: don ko an sake formate, wato an goge C: an sake sa Windows, kada su tahi, to ka leƙa D: ɗin, sau da yawa can ne dukiyar take. Ka duba bakin C: ɗin kanshi, akwai masu buɗe dosiye nan su sa mishi suna "Nouveau dossier (3)" su manta. Ka leƙa Corbeille, wallahi na taɓa ganin wadda ke aje takardun da ba ta son yara su gani cikin kwandon shara, ta ce ai nan ba mai shiga. In mashin ɗin ta gida ce, matarka ko ƙanenka na da nashi kont, to kowa na da nashi dosiye cikin Utilisateurs, kada ka kwashe naka ka bar nasu, rigimar da za ta biyo baya ba ni cikinta. Daga ƙarshe ka shiga Ce PC, a ɗan akwatin nema da ke sama hannun dama ka rubuta *.docx ka bari ta bi diskin duka, ka sake da *.xlsx da *.pdf da *.jpg, za ka sha mamakin lungunan da takardunka sunka shige.

Da ka haɗa lissafi sai ka yi shara. Ƙanena jiga 310 munka samu, da munka duba sama da 200 fina-finai ne da wasannin ƙwallo da ya riga ya kalla, da setup na lojisiyel tun na 2017. Ban ce ka share komi ba, a wagga rana ba a share komi, kawai ka yanke abin da zai hau mota da wanda zai tsaya tasha.

Yanzu da mi za a ɗauki kayan? In abin bai wuce jiga 20 ko 30 ba kile mai kyau ta isa. In ya wuce haka ka nemi diski na waje, wanda muke ce ma disk dir eksitern, ko aro ne, amma ni shawarata ka saya naka don bayan aikin shi ne zai zama rumbunka. Ka auna da lissafin takardarka, ka ɗauki wanda ya fi kayanka girma sosai. Kuma kada ka koma ka yi faɗa da mai shago don diskin da anka rubuta ma tera 1, wato jiga 1000, ya nuna maka jiga 931, ba cuta ba ce, masu ƙerawa suna ƙirga da 1000 ita kuma Windows da 1024 take ƙirga.

Cutar gaskiya tana wurin kile. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, an rubuta jiga 128 ko ma tera 1 a jikinta, kuɗɗinta kuma bai kai na buhun gawayi ba, in ka jona ta mashin za ta nuna maka girman da anka rubuta, kana zuba kaya tana karɓa ba gardama, sunayen fishiye duk suna nan, sai ranar da ka zo buɗewa ka iske fanko, don cikinta na gaskiya watakila jiga 8 ne, da ya cika sauran kayan sun bi iska. Ni kaina an yi mini, na saye ta hannun wani mai yawo da su a tire kusa da babbar kasuwa, hotunan bikin ƙanwata ne sunka tahi a ciki, har yau in an tada zancen sai an kalle ni. Araha ba ta ado. Akwai ɗan lojisiyel na kyauta mai suna H2testw, shina cika kile ɗin da bayanai ya sake karanta su ya faɗa maka girmanta na gaskiya, shina ɗaukar lokaci amma ka yi shi tun kile ɗin tana fanko. In ba ka da shi, ka zuba manyan bidiyo har ta kusa cika, ka cire, ka maida, ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe ka ja su har ƙarshensu.

Abu na biyu game da kile shi ne tsarin da anka formate ta da shi. Da yawansu da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuma FAT32 ba ya karɓar fishiye guda da ya kai jiga 4, shi ya sa za ka ga kile tana da fili jiga 50 amma bidiyon ɗaurin aure ya ƙi shiga, tana ce maka ya yi girma. Maganin shi ne ka danna mata dama, Formater, ka zaɓi exFAT ko NTFS. Formate shina share duk abin da ke ciki, to ka fara kwashe na cikinta. In sabuwar mashin ɗinka Mac ce ka zaɓi exFAT, don Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin lojisiyel.

Na uku birus. Duk kile ɗin da ta zaga wuraren fotokopi da siber na bakin jami'a ka ɗauka tana da ciwo har sai an gwada ta. Wanda ya fi yawa shi ne mai ɓoye dosiyoyinka ya bar maka masu ƴar kibiya a madadinsu, kana dannawa shina shiga mashin. In ka ga haka kada ka danna ko ɗaya, ka sa antibirus ya bi ta, sannan ka buɗe Invite de commandes, baƙin allon da ake rubuta ma Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Entrée, harafin E ɗin ka canza shi da harafin da kile ɗinka ta ɗauka, kayanka da anka ɓoye za su fito. Ita ma tsohuwar mashin ka sa Windows Defender ya yi mata cikakken bincike daren da za a yi aikin, kada ka yi ƙaura da kuɗin cizo zuwa sabon ɗaki.

Za a ce to intanet fa? Google na ba kowane kont jiga 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duka cikin 15 ɗin suke ci, OneDrive na Microsoft kuma jiga 5 ne. Ga kuɗɗin forfe, wato data, sau biyu za ka biya, hawa da sauka, ga reso da ke yanke wa mutum a kashi 90. Ni abin da nike yi shi ne ƙananan takardu masu tsada, memuwar, diplom da anka yi sikan, takardar haihuwa, takardun fili, su nike jefawa Drive don su zama kwafi na uku, sauran kaya kuwa diski. Haɗa mashin biyu da kebul na reso ko Partage de proximité da ke cikin Windows 10 da 11 shina aiki, amma saitin shi na cin rai, kuma in an gama ba ka da kwafi a gefe, don haka na bar shi ga masu son wahala. Masu tuna Windows 7 kuma, wancan lojisiyel na kwashe kaya zuwa sabuwar mashin da ke cikinta an cire shi a Windows 10, kada ka ɓata lokaci kana nema.

To mu zo ga kwashewar kanta, kuma nan ne nike son ka buɗe kunne. Copier, ba Couper ba. Ctrl da C, ba Ctrl da X ba. Couper na cire kaya daga tsohon wuri yayin da yake kai su sabo, in wuta ta tahi a tsakiya, ko kile ɗin ta zama ta jabu, ka rasa gaba ka rasa baya. Da Copier ko mi ya faru asalin na nan. Kuma ka san halin wutarmu lokacin zafi, watan Afrilu da Mayu ba a yi mata alkawari, in tsohuwar mashin ɗinka irin ta ƙanena ce mai mataccen batir ko kuwa babba ce ta tebur, ka nemi ondiler, wato akwatin batir mai riƙe mashin in wuta ta tahi, ko ka kai ta inda ke da sola ko gurup, wato janareta, ko aƙalla ka zaɓi lokacin da ka san wuta ta fi zama a unguwarku. Ka ɗora ta bisa tebur ko tire, ba bisa katifa ko darduma ba, ramukan iskarta na ƙasa ne, tsohuwar mashin da ta sha ƙurar hunturu shekara biyar in ta yi zafi kashe kanta take yi. Sannan ka shiga Paramètres, Système, Alimentation et mise en veille, ka sa Jamais, don kada ta yi barci tsakiyar aiki.

Ka jona diskin a ramin USB mai shuɗin ciki in akwai, shi ne USB 3.0. A baƙin rami na 2.0 da wuya ka wuce mega 30 a sakan, wato jiga 100 kusan awa guda ke nan in manyan fishiye ne, a shuɗin kuma minti ashirin na iya isa. Dubban ƙananan hotuna sun fi bidiyo guda babba cin lokaci ko da nauyinsu ɗaya, don haka in ka ga ta rubuta saura awa 9 kada gabanka ya faɗi, lissafinta na hawa da sauka kamar farashin tumatir.

Cikin diskin ka buɗe dosiye guda ka sa mishi suna da kwanan wata, misali Tsohuwar mashin da ranar da ka yi aikin. Sai ka riƙa kwashewa dosiye ɗaya bayan ɗaya, kada ka tattara duka ka jefa lokaci guda, don in ta tsaya ba za ka san inda ta tsaya ba. Fara da wanda in ya ɓace za ka yi kuka, Documents da Bureau, sannan hotuna, fina-finai su zo ƙarshe. Kada ka kwashe dosiyen Windows ko Program Files, nauyin banza ne. Kuma kada ka danna ka tahi masallaci ka daɗe, don tana iya tsayawa minti biyu da tahiyarka tana jiran amsa: wani fishiye na buɗe cikin wani lojisiyel, ko sunan ya yi tsawo. Wannan na tsawon suna na samun masu dosiye cikin dosiye cikin dosiye, Windows na da iyaka ta haruffa 260 ga dukan hanyar, sai ka gajarta sunayen ko ka jawo dosiyen ciki ka kwashe shi shi kaɗai. In wani fishiye ya ƙi karantuwa ka danna Ignorer, ka rubuta sunanshi a takardarka, ka dawo kanshi daga baya.

Wanda hannunshi ya ɗan faɗa, akwai robocopy cikin Windows, ba sai an sa shi ba. A Invite de commandes ka rubuta robocopy C:\Users\sunanka\Documents E:\Kaya\Documents /E /R:1 /W:1 shi ke nan. Daɗinshi in wuta ta yanke ka sake rubuta layin, sai ya tsallake waɗanda ya riga ya kai ya ci gaba da sauran. Amma in ka ga wani a YouTube ya ƙara /MIR kada ka bi shi ido rufe, wannan na share duk abin da ke wurin saukar da babu shi a asali.

Yanzu sai kayan da ba a gani, waɗanda sai bayan sati mutum ke dafe kai.

Kalmomin sirri su ne na ɗaya. Shekara nawa Chrome na shigar da kai Facebook da Gmail da kanshi, kai ka manta kod ɗin tun tuni. Hanya mai sauƙi ka shiga kont ɗinka na Google cikin Chrome na tsohuwar mashin ka kunna Synchronisation, in ka shiga da shi a sabuwa komi zai sauko, adireshin shafukan da ka aje da kalmomin sirri. In ba ka son haka, Ctrl da Maj (wato Shift) da O na buɗe maka favoris, wato shafukan da ka aje, ɗigo uku na sama, Exporter les favoris, ya ba ka fishiye guda. Kalmomin sirri ma ana fitar da su daga Gestionnaire de mots de passe, sai dai fishiyen da ke fitowa a buɗe yake, duk wanda ya same shi da Excel kawai zai karanta komi, to da ka shigar da shi sabuwar mashin ka share shi daga diski har da Corbeille. Kuma tun tsohuwar na hannunka ka duba wace lamba ce ke jone da Gmail ɗinka da Facebook, don sabuwar mashin baƙuwa ce a wurinsu, za su aika kod ta waya, in pus ɗin waya, wato sim, da ka sa tun 2016 ya ɓace ko an rufe shi, yanzu ne lokacin canzawa, daga mashin ɗin da sunka sani.

Masu aiki da Outlook a biro, in saƙonninka na cikin fishiye mai ƙarewa da .pst ka neme shi cikin Documents, Fichiers Outlook, ko ka fitar da sabo ta Fichier, Ouvrir et exporter. Ka rufe Outlook kafin ka kwashe shi. Masu Thunderbird kuma ka danna Windows da R, ka rubuta %appdata% ka ɗauki dosiyen Thunderbird gaba ɗaya. Wannan AppData ɓoyayyen wuri ne, lojisiyel da yawa nan suke aje kayansu, ni nakan kwashe dosiyen Roaming duka in aje a diski ko ba zan taɓa shi ba. Mai shago ko farmasi da ke da lojisiyel na lissafi ko na kaya, kada ka yi wasa, ka shiga cikinshi ka nemi Sauvegarde, in ba ka gane ba ka kira wanda ya sa maka shi kafin ka taɓa komi. Ɗalibai masu Zotero, dosiyenshi na cikin dosiye mai sunanka. Masu rubutun Hausa da tsofaffin haruffa na musamman don ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, da malamai masu rubutun Larabci da ajami, ku shiga C:\Windows\Fonts ku kwashe haruffan da kunka sa da kanku, in ba haka ba takardar za ta buɗe a sabuwar mashin da akwatuna a wurin haruffa. WhatsApp na mashin ba ya buƙatar komi, hirar na cikin wayarka, ka sake haɗawa kawai, amma takardun da ka sauke ta cikinshi ka tabbata sun shiga kwafi. In Office ɗinka na saye ne ka nemo lambar lasisi ko kont ɗin da anka saye shi da shi.

Sai tarkon OneDrive. In ka ga ɗan hoton girgije kusa da sunan fishiye, to fishiyen ba ya cikin mashin, shina can intanet, sunan kawai kake gani. Irin waɗannan ko dai ka danna dama ka zaɓi Toujours conserver sur cet appareil ka jira su sauko, ko ka tabbata ka san kod ɗin kont ɗin Microsoft ɗinka ka same su a sabuwa.

In an gama kada ka fizge diskin, ka bi ta ƴar alamar USB da ke kusa da agogo ka yi Éjecter, ka jira ta ce ka cire.

Mu koma kan sabuwa. In okaziyon ce kuma ta zo da kont ɗin wani da lojisiyel ɗin da ba ka san su ba, ka sa a sake mata Windows mai tsabta kafin ka zuba ko takarda ɗaya, in ka zuba sannan anka formate aiki ya dawo sabo. Ka tambayi mai saidawa ko tana ɗaukar Windows 11, don Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020, kuma ba kowace tsohuwar mashin ke ɗaukar 11 ba, tana son wata ƴar na'urar tsaro ta cikin mashin da ake ce ma TPM 2.0. Ka duba girman diskinta, nan mutane ke shan mamaki, tsohuwar na da jiga 500, sabuwar mai sabon irin diski ce da ake ce ma SSD, ta fi sauri nesa ba kusa ba amma jiga 128 ko 256 ce kawai, Windows ta riga ta ci nata kaso. In haka ne takardu da hotunan da kake buƙata su shiga, bidiyo su zauna a diskin waje, kuma ka bar mata fili ta yi numfashi, kada ka cika ta har layin ya yi ja.

Wani abu da ya kusa haukata ƙanena: kalabiye, wato allon haruffan da ake dannawa. Tsohuwar tashi AZERTY ce irin ta Faransa, sabuwar kuma QWERTY irin ta Amurka, shina ta rubuta kod ɗin Gmail ana ce mishi ba daidai ba, har ya fara rantsuwa an yi mishi kutse. A da Q sun yi musanya, Z da W haka, M ta bar wurinta, lambobi kuma a AZERTY sai da Maj. Ka buɗe Bloc-notes ka rubuta kod ɗin ka gani da idonka abin da ke fitowa kafin ka yi ta gwadawa har su rufe maka kont.

Zubawa ba wuya. Abin da ya fito daga Documents ya koma Documents, na Images ya koma Images, kana buɗe dosiyen ka zaɓi abin da ke ciki da Ctrl da A, Copier, ka je can ka yi Coller. Nan ma Copier, kwafin diski ya zauna inda yake. In ka shiga da kont ɗin Microsoft, Windows 11 na son ta riƙa tura Bureau da Documents da Images zuwa OneDrive da kanta, ka duba wannan saitin ka kashe in ba ka so, in ba haka ba jiga 5 ɗin za su cika, forfe ɗinka kuma ya ƙare ba ka san dalili ba.

Sai hisabi. Ɗauko takardarka, kowane dosiye ka yi mishi Propriétés a sabuwar mashin, ka gwada adadin fishiye da nauyi da abin da ka rubuta. Ka dubi layin Taille, ba Taille sur le disque ba, na biyun na canzawa daga diski zuwa diski. Bambancin fishiye ɗaya ko biyu ba komi, yawanci ƴan ɓoyayyun fishiye ne na Windows, amma in 4000 ka rubuta ka iske 3200 to akwai inda aka tsaya, ka koma. Kuma lamba kaɗai ba ta isa ba, ka buɗe da hannunka, takarda goma daga wurare daban-daban, hotuna na shekaru daban-daban, bidiyo ka ja shi zuwa ƙarshe.

To in tsohuwar ta riga ta mutu fa, ba ta ko kunnuwa? Sau da yawa mashin ce ta mutu, diskin na da rai. Ana kwance ta a ciro shi, a sa shi cikin ɗan akwati mai kebul na USB da muke ce ma buwatiye, sai ya zama kamar diskin waje. Ka tahi da diskin wurin saye don a ba ka daidai shi, na laftof mai faɗi SATA ne na inci 2.5, sababbin kuma siririn M.2 ne kamar cingam, akwatinsu daban. Da ka jona ka shiga Users, za ta ce ba ka da izini, ka danna Continuer ka jira. Abu uku ka kiyaye. In ta ce sai an formate diskin kafin a yi amfani da shi, ka ce a'a, ka cire. In ka ji shina ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo, ka kashe nan take, duk kunnawar da ka ƙara tana ƙara cinye shi, wannan aikin gwani ne. In kuma ta nemi makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle diski, lamba ce mai 48, galibi tana aje cikin kont ɗin Microsoft da anka shiga mashin ɗin da shi, in babu ta ba mai gyaran da zai buɗe maka, ko mi ya faɗa maka. In wurin mai gyara za ka kai, ka zauna a yi a gabanka, ba zargi ba ne, amma hotunan iyalinka da takardun bankinka ne a ciki, kuma ka faɗa mishi da babbar murya kada a formate, don wasu hannunsu ya saba, kafin ka gama gaisuwa sun fara.

Ita kuma tsohuwar mai rai, kada ka yi gaggawar rabuwa da ita. Ganin hadari ba ya sa a zubda ruwan randa. Ka aje ta sati uku ko wata guda kana aiki da sabuwa, a cikin wannan lokacin ne za ka tuna wani Excel na adashi da ke wani lungu. In wata ya cika ba ka nemi komi ba, sai a yi mata wanka kafin a saida ko a ba yaro. Share fishiye da zubar da Corbeille ba ya isa, formate na sauri ma haka, da ƙaramin lojisiyel ake dawo da su. Ka fara fita daga kont ɗinka na Google da Microsoft da WhatsApp, sannan a Windows 10 ka bi Paramètres, Mise à jour et sécurité, Récupération, Réinitialiser ce PC, ka zaɓi Supprimer tout, ka shiga Modifier les paramètres ka kunna Nettoyer les données, in akwai D: ka zaɓi a share dukan diskoki ba na Windows kaɗai ba. A Windows 11 cikin Système za ka sami Récupération. Shina iya cin awoyi, ka bar ta jone da wuta ta kwana tana yi.

Ta ƙanena tana nan cikin kabad ɗina, na ce sai bayan ya yi sutnans, wato ya kare memuwar ɗinshi gaban malamai, zan taɓa ta. Jiya da dare ya kira ni, wai akwai wani rikodin na hirar da ya yi da wani tsoho a Tawa don memuwar ɗinshi, bai gan shi cikin sabuwa ba. Munka kunna tsohuwar, shina nan cikin Documents na kont ɗin abokinshi da ya taɓa aron mashin ɗin.